Injin gilashin mota ya karye kuma babu kayan a kasuwa: a buga da 3D ne ko a bi wata hanya?

Wannan rubutun na mai motar da gilashinsa ya zame ya faɗa cikin ƙofa ne, ya kai gareji an kwance marfin ƙofar, an ciro wata 'yar roba an nuna masa an ce ga abin da ya karye, an zaga kasuwar kayan mota ta Ori Apata an leƙa ta masu ƙira ta Panteka a nan Kaduna ba a samu ita kaɗai ba, duk wanda aka tambaya sai ya ce sai dai ka sayi injin gaba ɗaya in ma akwai na irin motar taka. Ana cikin haka wani ya ce maka ai yanzu ana buga irin waɗannan da firintar 3D, wato injin da ke fitar da abu na roba daga zanen kwamfuta. To ka tsaya kana wasi-wasi, ka ba da kuɗi a buga maka ko kuwa ɓarnar kuɗi ce. Ni dai abin da na yarda da shi, 3D hanya ce ta gaske kuma tana ceton mota, amma ba kowace karaya take gyarawa ba, kuma in aka buga da robar da ba ta dace ba ranar Kaduna kaɗai ta isa ta lalata aikin. Bari mu bi abin a hankali.

Kafin komai ka san me ya lalace

Injin gilas iri biyu ne aka fi gani. Akwai mai almakashi, wato ƙarafa biyu da suka gitta juna da wani ƙarfe mai haƙora da moton lantarki ko hannun wayin ke juyawa, irin wanda za ka gani a tsofaffin motoci kamar 504 da ƙofar gaban Marsandi 190. A wannan yawanci abin da ke ci shi ne 'yar robar da ke zamewa cikin layin ƙarfen da ke riƙe da gilashin, ko haƙoran su cinye. Sai kuma mai kebur, wanda shi ya cika motocin da suka zo daga baya, su Golf 3 da Golf 4 da Sharon da 307 da Honda EOD. Shi waya ce ta ƙarfe ke naɗuwa a jikin wani ɗan ganga, tana bi ta kan fuli a sama da ƙasa tana jan kilif ɗin da ya damƙe gilashin. Golf 4 kam duniya ta san shi da karyewar wannan kilif ɗin na roba, har daga baya aka koma yin na ƙarfe.

In ka danna makunni ba ka ji komai ba, ba maganar 3D ba ce, ka je wajen riwaya ya duba fiyus da makunni da wayoyin da ke wucewa ta maƙogwaron ƙofa, don suna yawan tsinkewa a nan saboda buɗewa da rufewa. In kana jin moto na juyawa amma gilas bai motsi, ko ka ji ƙas sannan gilashin ya faɗi ko ya karkace gefe ɗaya, to nan ne ake zargin kilif ko fuli ko kebur. In kuma kana jin gurr-gurr kamar ana tauna waya, kebur ɗin ne ya warware ya cukurkuɗe a gangan. Ka sa a ciro injin a shimfiɗa a ƙasa ka gani da idonka, kar ka yarda a faɗa maka da baki kawai, domin duk shawarar da ke ƙasa a kan wannan ta dogara.

Abubuwan da za mu auna da su

Na farko kuɗi, amma ba kuɗin kayan kawai ba, har da kuɗin aikin kwancewa da ɗaurawa, domin in gyara bai riƙe ba sau biyu za ka biya mai gyara kuma duk kwance marfin ƙofa sai an karya maka ƙananan maɓallan da ke riƙe shi. Farashin kayan gyara duk dala yake bi, tun da aka saki naira a 2023 abin da aka faɗa maka wannan watan ba shi za ka tarar wata mai zuwa ba, shi ya sa abin da zai yi maka amfani shi ne sanin wanne ya fi wanne tsada.

Na biyu ƙarko, kuma ƙarko a Kaduna ba irin na Turai ba ne. A watan Maris da Afrilu zafin waje yana kusantar digiri 40, motar da aka ajiye a rana kuwa cikinta yana wuce 60, ballantana baƙar mota da ƙarfen ƙofarta ke shan rana tun safe. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na shiga cikin robar da gilas ke bi ta sa shi nauyi, da damina kuma ruwa na gangarawa ta cikin ƙofar, haka aka ƙera ta, shi ya sa akwai hudoji a ƙasa. Duk abin da za a sa a ciki sai ya jure waɗannan ukun.

Na uku sauƙi, kwana nawa za ka yi da leda ko katako a taga. Na huɗu haɗari, wato in abin ya sake karyewa me zai biyo baya. Gilashin gefe in ya fashe rugurgujewa yake yi gaba ɗaya ba tsagewa ba, sannan ka tuna gilas ya faɗi da dare a hanyar Abuja ana ruwa, ko ka ajiye mota a kasuwa ka dawo ka tarar taga a buɗe.

Injin ɗan Beljiyam gaba ɗaya

Wannan shi ne inda kowa ke fara zuwa kuma da dalili. Kayan kamfani ne na asali, ƙarfen layin mai kauri, moton mai ƙarfi, ramukan noti sun zauna daidai ba sai an yi ta ƙwanƙwasa ba. In motarka Corolla ce ko Camry ko Accord, irin waɗanda suka cika gari, yau za ka samu yau a ɗaura, kuma ni ban ga dalilin da zai sa ka wahalar da kanka da neman mai firinta ba. In babu a Kaduna ana iya kira Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas a sako a mota.

Matsalarsa ɗaya ce amma babba ce. Robar da ke jikinsa sa'ar wadda ta karye maka ce. Motar da aka ciro shi a jiki ita ma ta shekara ashirin, roba kuwa tsufa take yi ta bushe ta yi gautsi ko ba a taɓa ta ba, don haka kana iya sayen wanda zai kai ka shekaru, kana iya sayen wanda zai karye kafin sallah. In za ka saya ka sa a jona batir a gabanka ya hau ya sauka, ka duba kilif ɗin da fitila ko akwai siraran tsagu ko inda ya yi fari-fari, ka shafa kebur ɗin ko akwai zaren da ya tashi. Ka ƙirga bakin soket ɗin moto ma, wani mai ƙafa biyu ne wani shida, kuma mota iri ɗaya ta Amurka da ta Turai suna iya bambanta. Ka yi magana da mai shago tun kafin ka biya cewa in bai yi ba za ka dawo da shi. Kuɗinsa tsaka-tsaki ne ga motar da ta yi yawa, amma ga wadda ba kowa ke da ita ba mai shago ya san ba ka da wani wajen zuwa, zai yanka maka yadda ya so.

Sabo ɗan Chana gaba ɗaya

Robarsa sabuwa ce, wannan shi ne amfaninsa. Amma suna hawa-hawa, kuma a kwali ba ka iya bambancewa. Akwai mai kyau da zai yi maka aiki lafiya, akwai wanda ƙarfen layinsa kana iya lanƙwasawa da hannu, kebur siriri, moto mai kuka. Abin da masu gyara da yawa ke yi kuma na ga hikimarsa, su sayi wanda ba moto su mayar da motonka na asali a kai in lafiyarsa ƙalau, ka rage kuɗi kuma ka tsira da aikin hawa da kansa da na tsayawa in gilas ya matse hannun yaro. Sai dai 'yan kasuwa abin da ke tafiya suke kawowa, motar da ba ta da yawa a titi ba za ka ga nata sabo ba.

Odar kayan gyaran kaɗai ta intanet

Mutane da yawa ba su san cewa ana sayar da kilif da fuli da kebur su kaɗai a 'yar leda ba. Ga motocin Turai musamman su Volkswagen da Peugeot da Renault da BMW akwai su birjik a AliExpress da eBay, kuma kuɗin kayan kansu ba wani abu ba ne in ka gwada da injin gaba ɗaya. Waɗannan a ma'aikata aka zuba su cikin mazubi da zafi da matsi, don haka jikinsu guda ne, ƙarfinsu ɗaya ta kowane ɓangare, kuma ta wannan fuskar sun fi bugun firinta. Gaskiya in akwai na motarka kuma za ka iya jira, wannan ya riga 3D a layi.

Jiran ne matsalar, makonni ne ba kwanaki ba, ga batun katin da zai biya da dala, ga kuma haɗarin a kawo maka na hagu alhali na dama kake so, ko na baya a madadin na gaba. Ka ɗauki hoton naka ka kwatanta da kyau, in akwai lamba a jikin injin ka nema da ita. Sannan naɗa sabon kebur a ganga aiki ne na mai haƙuri, ba kowane yaron gareji ne ya iya ba, in aka naɗa shi a karkace rana ɗaya zai cinye kansa.

Ƙirar hannu a Panteka

Kar a raina wannan. Garin da aka fara harhaɗa Peugeot a Kakuri tun 1975 ba ya rasa masu hannu, kuma a tsohuwar Panteka ta kusa da Kadpoly akwai masu injin tona (mai juya ƙarfe ko roba yana sassaƙa shi) da masu walda da masu zubin alminiyam da in ka kai musu abu za su fitar maka da irinsa. In abin da ya lalace zagayayye ne, fuli ko 'yar taya ko bushin, mai tona zai yanko maka shi daga sandar nailon cikin ɗan lokaci, kuma wallahi wannan ya fi na firinta ƙarfi saboda daga dunƙulalliyar roba aka sassaƙo shi. In haƙoran ƙarfen mai almakashi ne suka cinye, ana cikawa da walda a goge da zarto, yana yi in mai aikin ya iya.

Inda ba sa iyawa shi ne kilif mai lungu-lungu, mai ramin da kan kebur ke zama da leɓen da ke kama layi da ɗan harshen da ke maƙale gilas. Nan za ka ga an lanƙwasa fallen ƙarfe an ɗaure da waya ko an cika da gam mai haɗi biyu. Yana ɗaga gilas ɗin kam, amma ƙarfe na gogar ƙarfe, yana ƙara yana cin layin, kuma in aka matse ƙarfe kai tsaye a jikin gilas ba roba a tsakani, rami ɗaya a titi ya isa ya tarwatsa shi. Akwai wani abu kuma da ba a cika lura ba, robar nan ita ce mai rauni a cikin injin, in gilas ya cije ita ke karyewa ta bar sauran lafiya, in ka mayar da ita ƙarfe wahalar sai ta koma kan kebur da moto waɗanda suka fi tsada.

Bugun 3D

Yadda injin ke aiki, zaren roba ne mai kaurin milimita 1.75 yake narkewa ta wani ɗan baki yana zubowa layi a kan layi, kowane layi kamar milimita 0.2, kamar yadda mai ginin tukunya ke ɗora yumɓu zagaye bisa zagaye har ta tashi. Wannan ya ba shi damar fitar da kowane irin lungu da mai tona ba zai iya ba, kuma shi ne rauninsa, domin inda layi ya haɗu da layi nan ne yake rabewa. Saboda haka yadda aka kwantar da abin a kan farantin injin yana da muhimmanci ƙwarai, dole jan kebur ya bi tsawon layukan ba ya nemi ɓamɓare su ba. In ka tambayi mai bugawa ta ina zai kwantar da shi ya kasa ba ka amsa mai ma'ana, ka karɓi kayanka ka ƙara gaba, mai buga kofuna da kayan ado ne, ba laifinsa ba ne aikin ne daban.

Sai maganar roba, wadda ita ce zuciyar abin. Wadda kusan kowa ke da ita a shago sunanta PLA, ita ta fi arha ta fi sauƙin bugawa ta fi kyan gani, amma tana fara laushi tun wajen digiri 55 zuwa 60, wato daidai zafin motar da ta wuni a rana a bakin sakateriya. Za ta yi aiki da safe, da azahar ta lanƙwashe gilas ya sauka. Kar ka yarda a sa maka ita a ƙofa ko kyauta ce, amfaninta kawai a buga gwaji da ita a ga ko awon ya zauna. PETG ta fi ta, tana kaiwa wajen 80, ba ta tsoron ruwa, amma in nauyi ya daɗe a kanta cikin zafi tana miƙewa a hankali, don haka ni ina ganinta a kan abin da bai ɗaukar kaya, kamar murfin makunni ko maɓallan marfin ƙofa. ABS da ASA suna jure wajen 100, zafi ba zai dame su ba, sai dai suna son injin da aka rufe shi da akwati in ba haka ba layukan ba sa kama juna sosai. Wadda ta fi dacewa ita ce nailon, don kamfanoni ma da nailon mai haɗin zaren gilas ko wata roba mai santsi da ake kira POM suke yin na asalin. Nailon tana da santsi a kan layin ƙarfe, tana lanƙwasawa kaɗan ba ta karye ba, amma tana da wuyar sha'ani, sai bakin injin ya kai wajen digiri 250 ko fiye, kuma tana shan danshin iska, a watan Agusta in ba a busar da zaren kafin bugawa ba abin zai fito da kumfa a ciki ba ƙarfi. Akwai wani bugun na manyan injuna da ke narka garin nailon maimakon zare, shi ƙarfinsa ya kusa zama ɗaya ta ko'ina kuma shi ya fi kusa da na kamfani, amma ba a ƙaramin shago ake samunsa ba kuma ya fi tsada. Wanda ake yi da ruwan roba mai daskarewa da haske kuma yana da kyau a ido amma gautsi gare shi, ka bar shi.

Ta wajen kuɗi mutane na ruɗewa. Robar da kilif ɗaya ke ci 'yan giram ne, naɗi ɗaya na kilo guda zai fitar da gommai, don haka ba roba kake saya ba, zanen kake saya. In ka yi sa'a wani a wata ƙasa ya riga ya zana na motarka ya sa a shafukan intanet na Thingiverse ko Printables kyauta, to aikin ya yi arha sosai, saukewa kawai za a yi a buga. In babu, sai wani ya zauna da ma'aunin kalifa mai auna kauri da faɗi ya auna karyayyen ya zana shi a kwamfuta da manhajar Fusion 360 ko FreeCAD, ya buga gwaji, a kai gareji a gwada, a dawo a rage nan a ƙara can, don bambancin da bai kai rabin milimita ba ya isa ya sa abin ya cije a layi ko ya yi ta girgiɗi. Wannan zirga-zirgar ce ke cin kuɗi da kwanaki, kuma yaron da ya yi ta ya cancanci a biya shi da kyau, ilimi ne ya sa a ciki. Amma da zarar zanen ya zauna, na biyu da na uku kusan kyauta ne, shi ya sa nake cewa duk wanda zai buga ya buga biyu ko uku ya ajiye a mota, ya kuma karɓi fayil ɗin a wayarsa.

Ka taimaki mai zanen da abu biyu. Kar ka zubar da gutsattsarin, ko ƙanana ne ka tattara a leda. In kuma ɗaya ƙofar lafiyarta ƙalau a ciro nata a auna, a kwamfuta juya zane daga hagu zuwa dama dannawa ɗaya ce. Wani abin da ke burge ni da wannan hanyar, ba dole a kwafi kuskuren kamfani ba, inda ya karye an san nan ne mai rauni, sai a ƙara masa kauri a zagaye kusurwar, a cika cikinsa ba a bar shi da rami-rami ba, in da hali a bar gurbin da za a saka ɗan ƙarfe inda kan kebur ke zama.

Samun mai yi a Kaduna sai an ɗan tambaya, ka fara da ɗaliban injiniya na Kadpoly ko na ABU Zariya, su suka fi sanin wa ke da inji a ɗakinsa, in ba a dace ba akwai masu yi a Abuja da Legas, ka aika karyayyen ta tasha su aiko maka da sabo. Ka tambaya ko yana da inbata ko sola, domin in aka ɗauke wuta ana tsakiyar bugu wajen da ya tsaya ya ci gaba yakan zama tabo mai rauni ko da injin ya iya ɗorawa.

Abin da ba zan ba da shawarar a buga ba shi ne giyar cikin moto da gangan da kebur ke naɗuwa a kai. Haƙoran ƙanana ne, ƙarfin da ke kansu da yawa, ƙaramar firinta ba ta fitar da su da santsin da ake so, ka nemi moto ɗan Beljiyam kawai. Kebur da sifirin kuwa dama ƙarfe ne ba ruwan firinta da su.

Ga su a jere

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Ɗan Beljiyam | tsaka-tsaki, da tsada in motar ba ta da yawa | ƙarfe mai kyau, roba tsohuwa | yau-yau in akwai | ya sake karyewa a wuri ɗaya |
| Sabo ɗan Chana | tsaka-tsaki | ya danganta da wanda ka samu | yau-yau ga motocin gari | ƙarfe mai laushi, moto mara ƙarfi |
| Odar kayan gyara | arha | mai kyau | jiran makonni | a kawo wanda ba shi ba |
| Ƙirar Panteka | arha | fuli da bushin sun yi, kilif bai cika yi ba | kwana ɗaya ko biyu | ƙarfe ya fasa gilas ko ya ci layi |
| 3D da PLA | arha | ba ya jure rana | da sauri | gilas ya sauka da azahar |
| 3D da nailon ko ASA | arha in akwai zane, da ɗan tsada in babu | mai kyau in an buga daidai | kwanaki, da gwaji | ya rabe ta layi in an kwantar ba daidai ba |

Wani abu da ya shafi dukkansu, kilif bai cika karyewa haka kawai ba, gilas ne ya yi nauyi. Kafin a ɗaura sabo a wanke robar da gilas ke bi a cire ƙurar da ta daskare, a fesa silikon, a goge tsohon giris ɗin layi a sa sabo mai tsabta. Kar a shafa baƙin mai a robar gefen gilas, yana kumbura ta abin ya ƙara cijewa. In ba a yi wannan ba ko wanne ka zaɓa za ka dawo. Bayan an ɗaura in gilas ya daina hawa da kansa, a motoci da yawa ɗaga shi za ka yi har sama ka riƙe makunnin na 'yan daƙiƙu ya dawo daidai.

To wa ya kamata ya ɗauki wanne

In motarka ta gari ce kuma da ita kake neman abinci, ɗan tasi ko mai Sharon da ke lodin Kawo, yini ɗaya a gareji asara ce, ka sayi ɗan Beljiyam da ka gwada da batir ko sabon layi ka mayar da motonka, ka koma aiki. In kuna da yawa masu mota iri ɗaya a tasha kuma kilif ɗaya ne ke damunku, ku haɗa kuɗi a zana sau ɗaya da nailon a buga muku da yawa, nan ne 3D ya fi kowace hanya arha.

In motar Turai ce kuma ƙofar baya ce da ba a cika buɗewa ba, a ɗaga gilas a tokare shi da katako ta ciki, a cire soket ɗin moto kar yara su danna, ka yi oda ka jira. In fuli ne ko 'yar taya ko haƙorin ƙarfe, Panteka. In kebur ya tsinke ko moto ya ƙone, ka manta da firinta.

In kuwa kana riƙe da tsohuwar mota da kake so, ko wata da aka shigo da ita 'yan kaɗan, an nema a Kaduna da Kano da Legas babu, intanet ma babu, kuma abin da ya karye roba ce mai lungu alhali layi da kebur da moto lafiya lau, to ɗan'uwa kai ne aka yi 3D dominka. Ka nemi wanda ya iya zane ba mai inji kawai ba, a yi gwaji da PLA, a buga na gaske da nailon ko aƙalla ASA, in ƙofar direba ce da ake saukewa a kowane get da shingen bincike ka dage a kan nailon, sannan kafin a mayar da marfin ƙofa a bar motar a rana ta yi zafi sosai a ɗaga gilas ɗin a sauke sau da yawa a gabanka.